SHIN YA DACE A BIYA ALƘALIN TSEREN KEKE?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A ƙasashen Turai da Amurka, da zarar sanyi ya ja baya, kusan kowane ƙarshen mako akan yi tseren keke a ƙauyuka da bayan gari. Galibin masu wannan tsere ba da shi suke cin abinci ba. A cikinsu akwai malamin makaranta, akwai makaniki, akwai ɗalibi, kowa ya sayi kekensa da guminsa, ya biya kuɗin shiga, ya zo ya gwada ƙarfinsa domin sha'awa kurum. To, amma tsere komai ƙanƙantarsa ba ya yiwuwa sai an sami waɗanda za su tsaya a kansa, su ce wane ne ya riga isa, wane ne kuma ya karya doka. Waɗannan su ne alƙalan tsere. Sunan da aka san su da shi a tseren keke na duniya kalma ce ta Faransanci, 'yar'uwar kalmar nan da Hausawa suka ara suke cewa kwamishina, watau wanda aka ɗora wa wani aiki.

Gardamar da ake yi a kansu mai rassa uku ce. Shin ya kamata a biya su, alhali kuwa mahayan da suke yi wa hukunci ba a biyansu? In za a biya su, daga aljihun wa kuɗin zai fito? Sa'an nan wane irin mutum ya kamata a ɗauka? Mai karatu zai iya ganin wannan ƙaramar magana ce ta 'yan wasa. Amma in ya duba da kyau zai tarar tsohuwar tambaya ce ta shigo cikin sabuwar riga, tambayar da malamai suka daɗe suna tattaunawa a kanta: ko ya halatta mutum ya karɓi lada a kan yin adalci tsakanin mutane.

Nauyin da ke kan alƙalin tsere

Ba a iya yanke wa aiki lada sai an san nauyinsa. Tseren da aka fi ambata a matsayin na farko a tarihin keke shi ne wanda aka yi a lambun Saint-Cloud, kusa da birnin Paris, ran 31 ga Mayu 1868, mai tsawon mita 1,200, wanda wani Baturen Ingila mai suna James Moore ya cinye. A 1869 aka yi na farko tsakanin gari da gari, daga Paris zuwa Rouen, kilomita 123. Da tsere ya fita daga fili ya hau hanya, sai ya kasance babu ido ɗaya da zai iya ganinsa daga farko har ƙarshe, daga nan kuwa ƙofar maguɗi ta buɗe. A babban tseren zagaye Faransa na 1904 an zargi wasu mahaya da hawa jirgin ƙasa da mota da dare. Bayan kamar wata 4 da gama tseren, hukumar keke ta Faransa ta soke sakamakon mutum 4 da suka zo gaba, ta ba Henri Cornet nasara, wanda ya zo na 5, saurayin da bai cika shekara 20 ba a lokacin tseren. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar tseren keke ta duniya, wadda ake kira UCI, an kafa ta a Paris a 1900, hedkwatarta kuma tana garin Aigle a Suwizalan, kuma tsara dokoki da horar da manyan alƙalai suna cikin ayyukanta.

A ƙaramin tsere na 'yan sha'awa, alƙali yakan riga mahaya isa wurin, shi ne kuma yakan bar wurin daga ƙarshe. Babban alƙali zai zagaya hanya ya duba kwana da mararraba da ramuka, ya tabbatar an sa masu tsare motoci a inda ya kamata, kuma masu ba da taimakon gaggawa suna nan. Za a duba lasin kowane mahayi da lambarsa da hular kwanonsa. Idan aka tashi, wani alƙali zai bi ayarin a mota ko a kan babur yana lura da mai ƙetare tsakiyar titi, da mai fakewa bayan mota don iska kada ta tare shi, da mai ture abokinsa. Wani kuma yana tsaye a bakin layin ƙarshe yana ƙidayar zagaye, yana rubuta lambobin mutane masu wucewa a dunƙule cikin ƙiftawar ido. Ko da na'urar ɗaukar hoto, wani lokaci abin yakan yi wuya: a zango na 7 na tseren zagaye Faransa na 2017, abin da ya raba na ɗaya da na biyu bai wuce milimita 6 ba. A Amurka, bayan an manna sakamako akan ba da minti 15 domin mai ƙorafi ya kawo kukansa, alƙali ne kuma zai saurare shi, sau da yawa mai kukan yana cikin fushi da gajiya.

Abin da ke hannun alƙali ya wuce sanin na ɗaya da na biyu. A Amurka mahaya suna da azuzuwa, daga na sababbin shiga har zuwa aji na 1, kuma da makin da mutum ya tara a irin waɗannan ƙananan tsere yake hawa sama. Ke nan kuskuren alƙalami ɗaya yana iya danne wa yaro haƙƙinsa na shekara guda. Abin da ya fi wannan girma shi ne rai. A watan Satumba na 2024, a gasar duniya da aka yi a Zurich, wata yarinya 'yar Suwizalan mai shekara 18, Muriel Furrer, ta faɗi a tseren matasa ana ruwan sama, ta daɗe kwance a cikin itatuwan gefen hanya kafin a gano ta, washegari kuma ta rasu. Idan haka za ta faru a gasar da aka tara ma'aikata masu yawa, to, sai mai hankali ya auna halin ƙaramin tseren ƙauye da aka rasa isassun idanu.

Hanyoyi biyu da ake bi

A Ingila al'ada ita ce alƙalan ƙananan tsere 'yan sa kai ne, abin da ake mayar musu shi ne kuɗin tafiya da makamantansa. Tseren kan titi a can yana ƙarƙashin wata doka ta 1960, wadda ta sa dole a bi ta hannun 'yan sanda kafin a yi shi, saboda haka nauyin da ke kan waɗannan 'yan sa kai ba ƙarami ba ne. A Amurka kuwa ƙungiyar keke ta ƙasa, wadda asalinta ƙungiyar 'yan sha'awa ce da aka kafa a 1920, tana da jadawalin ladan alƙalai gwargwadon girman tsere da matsayin alƙali, mai shirya tsere ne kuma yake biya, tare da kuɗin tafiya. Ladan ba wanda zai riƙe gida ba ne, ihsani ne na yini.

Duk da bambancin hanyoyin nan, kukan da ake ji ɗaya ne, watau tsofaffin alƙalai suna ajiye aiki, sababbi kuma ba su shigowa yadda ake bukata. Abin bai tsaya ga keke kaɗai ba. A 2022 haɗaɗɗiyar ƙungiyar wasannin makarantun sakandare ta Amurka ta bayyana cewa kimanin alƙalan wasa 50,000 sun bar aikin tun daga kakar 2018 zuwa 2019, a wasanni iri iri, kuma cin mutuncin da iyaye da 'yan kallo suke yi musu yana cikin manyan dalilai.

Hujjar masu cewa kada a biya

Masu ganin bai kamata a biya ba suna da hujjoji da ba a yi musu riƙon sakainar kashi. Ta farko, sun ce wasan na sha'awa ne tun daga tushe: mahayi ba a biyansa, mai shirya tsere sau da yawa da ƙyar yake mayar da abin da ya kashe, masu tsare mararraba 'yan kulob ne da iyalansu, to, don me za a ware mutum ɗaya a ce shi kaɗai zai koma gida da kuɗi? Ta biyu, sun ce kuɗi yana ɓata niyya. Wanda ya zo domin ƙaunar wasa zai tsaya cikin ruwa da rana da zuciya ɗaya, wanda ya zo domin lada kuwa idonsa yana kan agogo. Ta uku, sun ce duk abin da aka ƙara wa alƙali daga kuɗin shiga zai fito, kuɗin shiga in ya hau, ɗan talaka ne zai fara janyewa.

Mutumin da ya tashi a ƙasar Hausa zai fahimci wannan magana da sauri, domin ya san aikin gayya. Idan mutane suka taru suka nome wa ɗan'uwansu gona, ko suka ɗaga masa jinka, wanda ya miƙa hannu yana neman lada ya kunyata kansa, ya kuma ɓata abin da ya haɗa su. Akwai ayyukan da darajarsu take cikin rashin farashi, wannan gaskiya ce.

Amma fa gayya tana da sharuɗɗa biyu da ba a faɗa da baki saboda kowa ya san su. Mai gona yana ciyar da 'yan gayya, ba ya barin su su zo da furarsu daga gida. Sa'an nan gayya zagayawa take yi, yau gonar wane, gobe ta wane. Idan aka wayi gari mutum 3 ne kullum suke nome gonakin gari, shekara da shekaru, su ne kuma suke sayen fatanyarsu, ba wanda ya taɓa taka gonarsu, to, wannan ya tashi daga gayya ya koma cin gumin masu kunya. Halin alƙalan ƙananan tsere ya fi kama da wannan na biyun.

Har wa yau, daidaita mahayi da alƙali da ake yi bai tsaya da ƙafarsa ba. Mahayi ya zo ne domin abin da ransa yake so, ya sami motsa jiki da nishaɗi da begen nasara, ladansa ke nan, ya kuwa karɓa. Alƙali ya zo ne domin waɗansu su sami wannan nishaɗi. In an gama lafiya ba mai tunawa da shi, in an sami matsala shi za a kira. Mutum biyu da ɗaya ya zo cin biki ɗaya ya zo dafa abincin biki, ba a ce musu daidai suke don kawai sun kwana a gida ɗaya.

Daɗin daɗawa, aikin da ba lada yana tace mutane ta hanyar da ba a nufa ba. Wanda zai iya sadaukar da yini guda da man motarsa sau da yawa a shekara shi ne mai wadata ko wanda ya yi ritaya. Saurayi mai neman abin kansa, da uwa mai 'ya'ya, da ma'aikacin da ake biya a kan awa, duk an rufe musu ƙofa ba tare da an ce an rufe ba. Tarihin Musulunci ya riga ya warware irin wannan. An ruwaito cewa da aka naɗa Sayyidina Abubakar halifa, sai aka gan shi ya ɗauki tufafi zai tafi kasuwa kamar yadda ya saba, domin iyalinsa suna bukatar abinci. Sahabbai suka ga ba zai yiwu ya haɗa kasuwa da lamarin jama'a ba, suka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. Ba wanda ya ce wannan ya rage masa ikhlasi. Ka'idar da ta fito daga nan ita ce, wanda jama'a suka tsare lokacinsa domin amfaninsu, ɗaukar nauyin wannan lokaci yana kansu.

Daga aljihun wa?

Idan an yarda a biya, sauran magana mafi wuya, watau hannun da zai miƙa kuɗin. Malaman fiƙihu sun yi taka tsantsan ƙwarai a nan. Sayyidina Umar ya naɗa Shuraihu alƙalin Kufa, kuma sananne ne cewa Shuraihu yana karɓar abin masarufi a kan aikinsa. Amma malamin nan na mazhabar Malikiyya, Ƙarafi na Masar, wanda ya rasu a 1285, ya bambanta a cikin littafinsa Alfuruƙu tsakanin abin da ake yanka wa alƙali daga baitulmali domin ya sami sukunin tsayawa ga aikin jama'a, da ijara irin ta ciniki. Ya halatta na farko, ya hana na biyu, saboda zargin da yake shiga hukunci idan ya zama abin musaya. Haka kuma labarin Ibnul Lutbiyya sananne ne, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata a kan haka, ya nuna cewa da yana zaune a gidan iyayensa kyautar ba za ta same shi ba. Mai karɓar zakka yana da rabonsa sananne, abin da aka hana shi ne ƙarin da ya zo ta hannun waɗanda yake aiki a kansu.

Lalle alƙalin tsere ba alƙalin shari'a ba ne, kuma ba daidai ba ne a ɗora masa dukan hukunce hukuncen wancan. Wani sashe na aikinsa wahala ce ta jiki, kamar tsayuwa a rana da ƙidaya da rubutu, wannan kuwa kamar aikin mai awo ne a kasuwa, wanda ba mai musun ladansa. Amma wani sashen hukunci ne tsantsa, a nan ne kuma hikimar malamai take da amfani ga kowace al'umma. Babban alƙali shi ne wanda zai iya ce wa mai shirya tsere hanyar nan ba ta da aminci, ba za a tashi ba sai an gyara. Shi ne zai rubuta rahoto a kan yadda aka gudanar da tseren. Idan kuwa mai shirya tseren ne ya zaɓo shi, shi ne zai miƙa masa ambulan da yamma, shi ne kuma zai yanke ko a sake kiransa baɗi, to, an sa mutumin kirki cikin tsaka mai wuya. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Maganin wannan ba ya bukatar dogon bincike. Ladan ya kasance rubutacce tun kafin ranar tsere, kowa ya san shi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa saboda abin da alƙali ya hukunta, kuma a biya shi ko da alƙalin ne ya dakatar da tseren. Naɗin babban alƙali ya fito daga ƙungiya, kada a bar shi ga zaɓin mai shirya tsere. Jadawalin da ake amfani da shi a Amurka ya toshe ƙofar ciniki, wannan kuwa abin yabo ne. Abin da ya fi shi kamala shi ne mai shirya tsere ya zuba kuɗin a asusun ƙungiya, ƙungiya ta biya alƙali, domin asusun nan shi ne ya fi kusa da matsayin baitulmali a wannan ƙaramar jama'a. Kyautar kulob ko ta mahayi ko ta mai sayar da kekuna kuwa, komai ƙanƙantarta, barinta shi ne tsira.

Wa za a ɗauka?

Sharuɗɗan ɗaukar ma'aikaci guda biyu ne, kamar yadda ya zo a ƙissar Annabi Musa a Madayana, watau ƙarfi da amana. Ƙarfi a nan shi ne sanin doka, da kaifin ido, da natsuwa a lokacin ruɗani, da iya cewa a'a ga wanda ake jin nauyinsa. Amana kuwa ita ce ya rubuta abin da ya gani, in bai gani ba ya ce bai gani ba. Ɗaya ba ya isa ba tare da ɗaya ba. Abu Zarri sahabi ne da ba a shakkar gaskiyarsa, amma da ya nemi a ba shi shugabanci an hana shi saboda rauni. Ashe kirki kaɗai ba ya sa mutum ya cancanci riƙe tuta a bakin layi.

Haɗarin da ƙarancin ma'aikata yake kawowa shi ne a sassauta sharaɗi, a ce duk wanda ya zo a ba shi riga da usur. Hanyar da ƙungiyoyin keke suka shimfiɗa ita ce ta hawa mataki mataki: sabon shiga ya yi karatu da jarrabawa, ya yi aiki a ƙarƙashin tsohon hannu, sa'an nan ya hau zuwa matsayin ƙasa, daga nan zuwa na duniya. A Amurka an ƙara da binciken tarihin mutum da horo a kan kare yara daga cin zarafi. Wannan tsari bai kamata a taɓa shi saboda gaggawa ba, musamman da yake dokoki suna sauyawa, dabarun maguɗi kuma suna ƙaruwa. A watan Janairu na 2016, a wata gasar duniya a Zolder ta ƙasar Beljiyam, an gano ƙaramin inji ɓoye a cikin keke. A 2025 kuma UCI ta tabbatar da amfani da katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa a manyan tsere. Wanda ba ya sabunta karatunsa zai yi hukunci da dokar da aka riga aka shafe.

Wani zai ce ai an hana neman muƙami, to, yaya za a riƙa kira mutane su zo su nemi alƙalanci? Amsa ita ce abin da aka ƙi shi ne kwaɗayin girma. Aikin da kowa yake gudu, wanda in ba a sami mai yi ba jama'a za su cutu, gabatar da kai gare shi ɗaukar nauyi ne, Annabi Yusufu ma ya gabatar da kansa ga tsaron taskokin Masar da ya san ya fi kowa iyawa. Abin lura shi ne wanda ya zo domin ya ji daɗin ba da umarni, irin wannan yakan bayyana da wuri, ta yadda yake yi wa yara da sababbin mahaya magana.

Sai kuma batun dangantaka. Mafi yawan masu shiga wannan aiki tsofaffin mahaya ne, ko iyayen mahaya, ko matansu da mazansu, domin su ne suke wurin tun farko. In aka ce ba za a ɗauke su ba, ba za a sami kowa ba. In aka bar uba ya yanke hukunci a kan ɗansa, ko da ya yi gaskiya zargi ba zai bar shi ba, shi ya sa fiƙihu bai karɓi shaidar uba ga ɗansa ba, ba don ana tuhumar kowane uba da ƙarya ba. Hanya madaidaiciya ita ce a ɗauke su, su bayyana dangantakarsu tun da safe, idan ƙara ta shafi nasu su koma gefe wani ya yanke. Kuma da kowane kulob mai tura mahaya zai ɗauki alkawarin horar da mutum ɗaya daga cikinsa, da nauyin ya rarrabu, gayya ta koma gayyar gaskiya.

Idan kuɗin bai isa ba

Sauran hujja ta uku ta masu hana biya, watau tsadar kuɗin shiga, ita ce kuwa mafi ƙarfi. Gaskiya ne aljihun mai shirya ƙaramin tsere ba shi da zurfi. Amma kafin a ce babu, sai a duba yadda aka jera bukatu. Sau da yawa akan ware kuɗin kyautar waɗanda suka yi nasara tun farko, sa'an nan a ce abin da ya rage bai isa alƙalai ba. Wannan jeri a juye yake. Ladan wanda ya yi aiki bashi ne, kyautar wanda ya yi nasara kuwa ƙari ce, ba a kuwa yin kyauta da bashi a wuya. Ga Musulmi ma akwai wani dalili na daban, domin malamai da yawa suna ganin tara kuɗi daga hannun 'yan takara a ba wanda ya ci daga cikinsu ya yi kama da caca, alhali kuwa kashe kuɗin shiga a kan hidimar tsere, kamar alƙalai da motar asibiti, ba shi da wannan illa, kyauta kuma ta fito daga wani na dabam.

Idan an rage kyauta kuɗin bai isa ba har yanzu, to, a faɗi gaskiya tun kafin rana, a ce wannan tsere na sa kai ne, abin da za a iya shi ne kuɗin mai da abinci. Wanda ya ji ya zo da yardarsa, ya yi sadaka da lokacinsa, ladansa yana wurin Allah. An ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da ajalinsa ya kusa ya yi wasiyya a mayar wa baitulmali abin da ya karɓa. Yafewa ke nan daga mai haƙƙi, kuma kyakkyawa ce. Abin da ba shi da kyau shi ne wanda haƙƙin yake kansa ya yafe wa kansa a madadin mai shi, ko ya sa shi jin kunyar tambaya, ko ya ja masa rai wata da watanni alhali an yi umarni a biya ma'aikaci da gaggawa. Mayar wa mutum abin da ya kashe daga aljihunsa kuwa ba ya cikin abin da ake tattaunawa, domin wannan ko a gayya wajibi ne.

Akwai kuma wani lada da ba ya cin ko kwabo, rashinsa kuwa ya kori mutane da yawa, shi ne mutunci. Mahayin da ya zagi alƙali a gaban jama'a, da uban da ya bi shi har mota yana faɗa, sun rage wa wasan ma'aikaci ɗaya, sun kuma tsorata goma da suke tunanin shiga. Mai ƙorafi yana da hanyarsa da lokacinsa, alƙali kuma yana iya kuskure, in ya gane ya gyara ba tare da girman kai ba. Ƙungiyar da ba ta hukunta mai zagin alƙalinta, ko ta ninka lada ba za ta riƙe mutane ba.

Wannan magana ta fara shafar Afirka kai tsaye. Tseren zagaye Burkina Faso an fara shi a 1987 a matsayin na 'yan sha'awa, a watan Satumba na 2025 kuma aka yi gasar duniya ta tseren kan titi a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko a wannan nahiya. Duk inda samari suka ga haka suka fara shirya tsere a garinsu, hankali yakan tafi ga kekuna da riguna da kofi, a manta da mutumin da zai tsaya a bakin layi da takarda da alƙalami. Ya kamata masu shiri su sa shi a farkon lissafi, su horar da shi, su yanka masa haƙƙinsa a fili ta hannun da ba ya jin kunyarsa, shi kuma ya riƙe amanar da aka ba shi ko an biya ko ba a biya ba, domin za a tambaye shi a kanta.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon sauke ta, ya kuma ba jama'a ikon sauke haƙƙinsu, amin.